Ɗana ya iya lissafi, amma da an sa shi cikin labari sai ya ruɗe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji biyar na firamare. In aka rubuta masa 248 + 176, ko aka ce ya raba 96 gida 8, nan da nan zai yi, haddar sau ma ya iya ta har 12. Amma da zarar an kawo lissafin cikin labari, irin su wane ya je kasuwa ya sayi kaza, sai ya tsaya yana kallona yana cewa, "Mama, tarawa za a yi ko ɗebewa?" A nan yake zubar da maki, ga jarrabawar shiga sakandare tana tafe baɗi. Ƙwaƙwalwar ce ba ta ja, ko malamin lesin zan nema masa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka.

Maganar ƙwaƙwalwa ki cire ta daga ranki. Yaron da ya riƙe haddar sau har 12, yake raba 96 gida 8 ba tare da ƙirga yatsu ba, kansa lafiya ƙalau yake. Abin da ke damunsa yana cikin tambayar nan da yake miki. Duk yaron da ya ce "tarawa za a yi ko ɗebewa?" ya riga ya gaya miki cewa bai ga labarin ba. Lambobi biyu ya hango a tsakiyar rubutu, ya tsamo su, yanzu yana neman alamar da zai dasa tsakaninsu. Kuma ba shi ya ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, tsarin darasin ne ya saba masa. Za a koyar da tarawa ranar Litinin, a ba da tambayoyin labari goma a ƙarshe, duk goman tarawa ne. Yaro mai wayo sai ya gane ba sai ya karanta komai ba: ya kwashi lambobi ya tara, ya ci goma bisa goma, a tafa masa. Ranar jarrabawa da aka gauraya tambayoyin, sai dabara ta ƙare.

Ba yaranmu kaɗai ke fama da wannan ba. A wajajen 1980 wasu masu bincike kan koyar da lissafi a birnin Grenoble na Faransa suka ba yaran firamare, 'yan shekara bakwai zuwa tara, wannan tambaya: "A cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10. Shekarun matuƙin jirgin nawa?" Cikin yara 97, guda 76 sai da suka haɗa amsa da lambobin nan, da yawansu suka tara suka ce 36. Ba wauta ba ce. Makaranta ta riga ta cusa musu cewa kowace tambaya tana da amsa, kuma amsar tana cikin lambobin da aka bayar. Ki gwada shi da irinta yau da daddare: a garke akwai shanu 25 da tumaki 10, shekarun makiyayin nawa? In ya ce 35 kada ki yi masa faɗa, ki dai tambaye shi yadda aka yi shanu suka san shekarun mutum.

Saboda haka abu na farko da zan roƙe ki, kuma na san yana da wuya ga uwa mai tukunya a kan wuta: kada ki ƙara amsa masa wannan tambayar. In kika ce "ɗebewa", kin yi masa aikin gaba ɗaya, domin zaɓen abin da za a yi shi ne ainihin abin da ake jarrabawa; sauran ko kalkuleta ta iya. In ya tambaya ki ce, "Rufe littafin. Ba ni labarin da bakinka. Su wane ne a ciki? Me ya faru? Me ake so mu gano?" Kwanakin farko zai ɓata rai, zai ce ke dai ki faɗa masa. Ki daure.

Sai kuma ki gano daidai inda yake tuntuɓe, domin ba a ba da magani sai an san wurin ciwo, kuma "bai iya lissafin labari ba" magana ce mai faɗi. Wata malama a Ostireliya, Anne Newman, ta tsara wata hanya mai sauƙi a 1977 wadda har yanzu ake aiki da ita. Ki ɗauko tambaya ɗaya da ya faɗi a littafinsa, ki zauna kusa da shi, ki bi da shi matakai biyar a jere: ya karanta miki tambayar da ƙarfi, ya faɗi abin da ake so ya nemo, ya faɗi yadda zai bi ya nemo shi, ya yi aikin kina kallo yana bayani, sannan ya rubuta amsar. Kada ki gyara masa komai, sauraro kawai. Wurin da ya fara cijewa, nan aikinki yake. Wanda ya kasa furta kalmomin, karatu yake buƙata, ba lissafi ba. Wanda ya karanta tiryan-tiryan amma ya kasa faɗin abin da ake nema, fahimta ce ta gagare shi. Wanda ya san abin da ake nema amma bai san ta ina zai ɓullo masa ba, zane yake buƙata, zan zo kan wannan. Daga bayaninki, ɗanki ba shi da matsala a mataki na huɗu; na biyu da na uku nake zargi. Ƙara masa shafuka na tarawa da rabawa ba zai taɓa wurin ba ko kaɗan.

A wurinmu mataki na biyu yana da nauyi na daban saboda harshe. Manufar ilimi ta ƙasa da Najeriya ta fitar a 1977 ta ce a fara koyar da yara da harshen gida ko na yankinsu, daga baya a koma Turanci, kuma an daɗe ana ɗaukar aji huɗu a matsayin wurin sauyin. To a daidai nan ne tambayoyin labari suke fara tsawo. Makarantun kuɗi da yawa kuwa tun daga nazare da Turanci suke komai, sai ki ga yaro yana karanta jimla da lafazi mai daɗi, ko sau ɗaya bai yi gargada ba, amma in kika ce ya faɗa miki da Hausa sai ya yi tsuru-tsuru. Gwajin ba wuya. Ki ɗauki tambayar da ya faɗi, ki ba shi ita da baki, da Hausa, kamar kuna hira. In ya amsa nan take, Turancin ne ya tare masa hanya. Maganinsa shi ne kowace tambaya, kafin ya taɓa fensir, ya juya ta zuwa Hausa da bakinsa. Kada ki ji tsoron wai hakan zai raunana masa Turanci. Wanda ya iya juya jimla zuwa harshensa shi ne ya ji ta da gaske. Akwai kuma 'yan kalmomin da ke yawan kayar da yara a littattafan, irin su each da twice da difference da how many more. Waɗannan a zauna a kansu da cokula da kofuna a tabarma har su shiga.

Ki kuma lura da lissafin da ya riga ya iya a waje. A 1985 wasu masu bincike uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, suka wallafa abin da suka gani wurin yara masu talla a birnin Recife na Birazil. Sun je musu ne a matsayin masu saye. Aka tambayi ɗaya daga cikinsu kuɗin kwakwa goma, kowace a kan 35. Bai ce 35 sau 10 ba. Cewa ya yi uku 105, ƙarin uku 210, ya kai 315, ya ɗora ɗaya, 350. A wurin sana'arsu yaran sun ci kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin. Da aka ba su lambobin nan dai tsurarsu a takarda, kusan kashi 37 suka ci. Da aka sa su cikin labari kuwa suka ci kusan kashi 74. Yara biyar ne kacal aka gwada, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda yarinya mai tallar gyaɗa take fito da canjin ɗari biyar kafin mai saye ya gama laluben aljihu, ya san ba a Birazil kaɗai abin yake ba. A Damagaram ko Maraɗi ma littafi zai ce 100 F, wato sefa ɗari, yaro kuwa dala ashirin ya sani a gida, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Kullum yana raba kuɗi gida biyar a kansa, ba wanda ya gaya masa rabawa yake yi. Abin lura a nan shi ne labari ba shi ke sa lissafi wuya ba. In yaro ya ɗauki labarin da gaske, sauƙi ma yake kawo masa. Don haka in za ki aike shi shago, kafin ya fita ki tambaye shi: nawa za ka dawo min da shi?

Yanzu ga abin da nake so ki bincika a littafinsa na makaranta. Akwai wata dabara da ta yaɗu, ta haddace kalmomi: in ka ga more ka tara, in ka ga left ka ɗebe, in ka ga share ka raba. Ni ban yarda da ita ba, kuma in an koya masa sai kin taimaka masa ya rabu da ita. Tana aiki a aji biyu, inda tambayoyin suke a miƙe. Daga aji huɗu zuwa sama ita ke jefa yara rami. Duba wannan: Binta tana da awaki 12, ta fi Ladi da awaki 5. Awakin Ladi nawa? Mai farautar kalma zai ga "ta fi", ya tara, ya ce 17. Alhali Binta ce mai yawan, Ladi 7 gare ta. Ga wata: Sani ya sayi biro na naira 150 da littafi na naira 300, ya rage masa naira 50. Da nawa ya fito daga gida? "Ya rage" tana nan ɓaro-ɓaro, amma aikin duk tarawa ne: 150 da 300 da 50, naira 500. Tambayar da ya kamata ya riƙa yi wa kansa ita ce: ina babban adadin yake a labarin nan, an ba ni shi ne, ko shi ake nema? In an ba shi babban da wani yanki nasa, ɗayan yankin ake nema, sai ɗebewa. In yankunan aka ba shi, babban ake nema, sai tarawa. Wannan ba ta ba da kunya, ko da wace kalma aka rubuta tambayar.

Hanya mafi sauri da na sani ta raba yaro da wawurar lambobi ita ce a ɓoye masa su. Ki karanta masa haka: wani manomi ya sami dammunan gero, ya fitar da zakka, ya sayar da wasu, ya zuba sauran a rumbu. Ba abin da zai tara, dole ya saurari labarin. Ki tambaye shi, me za a iya tambaya a nan? Me muke buƙatar sani kafin mu amsa? Sai ki riƙa sako lambobin ɗaya bayan ɗaya. In kuma girman lambobin ne ya tsorata shi, a sauya su da ƙanana. Yaron da ya daskare a gaban "buhu 348, kowane naira 27,500" zai gane ninkawa ce nan take in aka ce buhu 2, kowane naira 10. Sai ya koma kan manyan ya riga ya san hanya.

Sai zane, wanda a nan nake so ki fi ba da ƙarfi. Ba zanen mutum da awakinsa ba, wannan cin lokaci ne. Dogayen akwatuna kawai, kowane yana tsaye a madadin wani adadi. Ma'aikatar ilimi ta Singafo ce ta shigar da wannan salo cikin littattafan firamarenta a farkon shekarun 1980, ƙasashe da dama suka ɗauka daga baya, kuma ba ya buƙatar komai sai fensir, ko tsinke a ƙasa. Mu ɗauki wannan: Musa da ƙanwarsa Hauwa sun fasa asusu, su biyun sun sami naira 900. Kuɗin Musa ya fi na Hauwa da naira 200. Nawa ne na kowa? Yawancin yara za su raba 900 biyu su sami 450, su ƙara wa Musa 200 ya zama 650, su bar wa Hauwa 250. Jimillar ta yi 900 kam, amma 650 ya fi 250 da 400 ne, ba 200 ba. To ya zana. Akwatin Hauwa a sama. Na Musa a ƙarƙashinsa, daidai tsawon na Hauwa, da ɗan ƙari da ya zarce a gefen dama. A kan ƙarin ya rubuta 200. A gefe ya haɗe su biyun da layi ya rubuta 900. Yanzu ki sa babban yatsanki ki danne ƙarin, ki ce, "Me ka gani?" Akwatuna biyu masu tsawo ɗaya. "Su biyun nawa ne, tunda na ɓoye 200?" 700. "Ɗaya fa?" 350. Na Hauwa ke nan. Ki ɗaga yatsa: Musa 550. Ba wanda ya tambayi ko tarawa ce ko ɗebewa, zanen ne ya faɗa. Kuma abin nan da ya yi, shi ne aljabarar da zai tarar a sakandare, haruffa kawai aka cire mata.

Inda zane ya fi nuna amfaninsa shi ne lissafin kaso. Ladi ta kashe rabin kuɗinta a shinkafa, ta kashe sulusin abin da ya rage a man gyaɗa, ta dawo gida da naira 4,000. Da nawa ta je kasuwa? In aka bi ta ƙa'idojin littafi, manya ma sai sun ɗan yi shiru. Da zane kuwa: dogon akwati ɗaya, kuɗinta duka. A raba shi biyu, a soke rabi, shinkafa ta ci. Rabin da ya rage a yanka shi uku, a soke ɗaya, mai ya ci. Saura gida biyu, su ne 4,000, wato kowane gida 2,000. Rabi gida uku ne, 6,000. Duka kuwa 12,000. Tarkon yana cikin "abin da ya rage": sulusin saura ake nufi, ba sulusin duka ba, kuma yaron da ya zana ba yadda za a yi wannan ya kuɓuce masa. Af, in yana zuwa Islamiyya wataƙila ya riga ya ji rubu'i da sudusi da sumuni a karatun rabon gado. Ki haɗa masa su da 1/4 da 1/6 da 1/8 na boko, ya san abu ɗaya ne.

Tambayoyin aji biyar da shida kuma yawancinsu hawa biyu ne ko uku, da tambayoyin ɓoye a ciki waɗanda ba a rubuta ba. Mai shago ya saro fiya wata leda 5, kowace leda naira 300, kowace guda 20 ne a cikinta. Ya sayar da kowane guda naira 25. Ribarsa nawa? Lambobi huɗu ne, mai wawura ya rasa biyun da zai kama. A nan daga ƙarshe ake farawa. Don in san riba, me nake buƙata? Abin da ya kashe da abin da ya shigo. An ba ni abin da ya kashe? A'a, amma zan iya nemo shi: 5 sau 300, naira 1,500. Abin da ya shigo fa? Sai na san guda nawa ya sayar: 5 sau 20, guda 100, 100 sau 25, naira 2,500. Riba naira 1,000. Ki kafa masa doka ɗaya da ba sassauci: ba a rubuta lamba tsirara. Kowace sai da sunanta a gefe, "naira 1,500, kuɗin sari", "guda 100". Rabin ruɗewar da ake yi a tsakiyar irin wannan aiki, daga mantawa ne ko 100 ɗin nan naira ce ko ruwa.

Mataki na biyar, rubuta amsa, shi ake rainawa, kuma yana cin maki ba kaɗan ba. A farkon shekarun 1980, a wata jarrabawar auna ɗalibai ta ƙasa baki ɗaya a Amurka, an tambayi 'yan shekara 13: za a kwashi sojoji 1,128, kowace bas tana ɗaukar 36, bas nawa ake buƙata? Kusan kashi 70 cikin 100 sun yi rabawar daidai. Amma kashi 23 ne kawai suka ce 32. Kashi 29 sun rubuta "31, saura 12", kashi 18 suka ce 31, suka bar soja 12 tsaye a bakin titi. Rabawa ba ta san abin da za a yi da saura ba, labarin ne ya sani. Ga yadda za ki nuna masa da abin da ke kicin ɗinki. Ƙwai 100 ne, kiret yana cin 30. Kiret nawa za su cika? 3. Kiret nawa za a nema don a kwashe ƙwan duka? 4. Ƙwai nawa ne a kiret ɗin ƙarshe? 10. Rabawa ɗaya ce, 100 gida 30, amma amsa uku, kowace daidai a wurinta. Haka tela mai yadi 20 da ke ɗinka riga da yadi 3: riga 6 zai fitar, yadi 2 da suka saura ba su zama riga ba. A nan watsar da saura ake yi, a wurin bas kuwa ƙara mota ake yi. Shi ya sa nake so amsarsa ta zama cikakkiyar jimla: "Ana buƙatar bas 32." Da wuya yaro ya rubuta "ana buƙatar bas 31 saura 12" bai ji wani abu ya yi masa karo a kunne ba.

Masanin lissafi George Polya, a littafinsa na 1945 kan warware matsaloli, ya sa waiwaye a matsayin mataki na ƙarshe: ka gama, ka juyo ka duba. Yara ba sa son wannan, ga su in sun ja layi biyu ƙarƙashin amsa an gama. Hanyar da ta fi shiga ita ce a sa su kirdado tun kafin su fara. Amsar za ta fi ɗari ko ba za ta kai ba? Za ta fi lambar da aka ba mu ko za ta gaza ta? Yaron da ya ce tun farko awakin Ladi ba su kai na Binta ba, ba zai rubuta 17 ya wuce ba. Lissafin lokaci ma nan yake kama mutane. Mota ta tashi daga Kano ƙarfe 9:40 ta isa Zariya 12:15, awa nawa ta yi? Zai jera 1215 da 940 ya ɗebe, ya sami 275, ya ce awa 2 da minti 75. Awa minti 60 ce, ba 100 ba. Gara ya taka a hankali: daga 9:40 zuwa 10:00 minti 20, zuwa 12:00 awa 2, sai ƙarin minti 15, awa 2 da minti 35. Lokaci-lokaci kuma ki jefa masa irin wannan: riga ɗaya tana bushewa a awa 2 a kan igiya, in aka shanya biyar tare awa nawa za su yi? In ya ce 10, ki tura shi tsakar gida ya dubo shanya.

Ba sai kun daɗe a zaune ba. Tambaya biyu ko uku a rana, a gauraye, wata tarawa wata rabawa wata mai lambar da ba a buƙata, sun fi ashirin iri ɗaya amfani. Wani lokaci ki juya abin: ki rubuta 60 ÷ 4 ki ce ya ƙirƙiro labarin da ya dace, ya ba ƙaninsa ko ke ki warware. Wanda bai fahimci rabawa ba, ba zai iya tsara mata labari ba, nan take za ki gani.

Game da malamin lesin, ba laifi in da hali, amma ki zauna ki kalli darasi ɗaya. In shi ke karanta tambayar, shi ke faɗin abin da za a yi, yaro yana kwafa, to kuɗinki kawai kike kashewa, domin sashen da ɗanki ya riga ya iya ake maimaita masa. Wanda kike nema shi ne mai yawan cewa "me ya sa?" da "nuna min a zane", mai iya yin shiru minti biyu yaro yana tunani. Ki kuma je ki ga malamin ajinsa ki faɗa masa abin da gwajin matakai biyar ɗin nan na Newman ya nuna miki. In kuwa ya zamana a matakin farko yake cijewa, yana tsallake layi ko yana manna fuska a littafi, a fara da kai shi a duba idonsa.

Jarrabawar shiga sakandare, ko ta hukumar NECO ta shiga makarantun gwamnatin tarayya ko ta jiha, galibi ta zaɓi ce, kuma akwai abin da ya kamata ya sani tun yanzu. Amsoshin da ba daidai ba ba da ka ake zuba su ba. Daga kurakuran da aka san yara suna yi ake ɗauko su. A tambayar Binta da Ladi zai tarar da 17 tana zaune tana jiransa, a ta bas zai tarar da 31. Ganin amsarsa a cikin zaɓin ba ya nufin ya yi daidai. Amma zaɓin yana da amfaninsa: zai iya ɗaukar kowace amsa ya mayar da ita cikin labarin ya ga ko ta zauna. In an ce kuɗin Hauwa 250 ne, na Musa ya zama 450, jimilla 700, ba ta kai 900 ba, a jefar. In 350 ne, na Musa 550, jimilla 900, ta zauna. Wadda ta cije masa kuma ya yi mata alama ya wuce, ya dawo kanta in ya gama sauran, ya zana akwatunansa a gefen takardar tambaya ko a takardar gwaji in an ba su.